Za a Iya Ɗaura Sabon Batirin Litiyom a Kan Tsohon na Gida?

Tambayar ta fito ne daga wani magidanci a Katsina. Yana da inbata mai 5kVA ta bolt 48, da fanel ɗin sola 6 masu wat 550 kowanne, da batirin litiyom guda mai 51.2V 100Ah da ya saya shekara biyu da suka wuce. Da zafi ya shigo batirin kan ƙare tun wajen ƙarfe 3 na dare, ga shi kuma yana so ya sa ƙaramar esi a ɗakin mahaifiyarsa. Wani mai shago ya yi masa tayin batir mai 200Ah na wani kamfani dabam, ya ce masa ai duk 48 ne, a ɗaura kawai. Shi ne yake tambaya ko a ɗaura ɗin.

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana. Ana haɗa batiran litiyom gefe da gefe, kan ja da kan ja, kan baƙi da kan baƙi, abin da masu sana'a ke kira faralel. A irin wannan haɗi bolt yana nan inda yake, ma'ajiya ce ke ƙaruwa. 100Ah da 200Ah sun zama 300Ah ke nan, wato daga yunit 5 da ɗoriya ka koma yunit 15 da ɗoriya, irin yunit ɗin da kake saya a mitar KEDCO. Tsoho da sabo ana haɗawa, babba da ƙarami ma ana haɗawa. Amma cewa duk 48 ne ba hujja ba ce, kuma da ni ne kai, ba kuɗin batir zan fara fitarwa ba.

Fara da abin da ba sai ka biya kowa ba. Ka ɗan yi kwanaki kana lura da lokacin da batirinka ke cika da rana. In yana kai 100% tun kafin azahar, to kana da rarar wuta da ke tafiya a banza, domin da zarar batir ya cika inbata takan rage abin da take ja daga fanel. In kuwa har la'asar sakaliya bai cika ba, matsalarka tana kan rufi, ba a cikin ɗakin batir ba. Gina rumbu na biyu ba ya ƙara dawar da gona ta bayar.

Mu yi lissafin naka. A yankinmu kowane kilowat ɗaya na fanel yakan ba da yunit 4 zuwa 5 a rana mai kyau. Naka kilowat 3.3 ne, ka ce yunit 14 ko 15. Mu ƙaddara firiji da firiza da fankoki da injin jan ruwa suna cinye 6 da rana, saura 8 ko 9. Batirinka na yanzu ba ya ɗaukar fiye da 5, don haka lallai akwai rara. Sai dai dubi abin da dare zai buƙata. Kana cinye kusan yunit 4 da rabi zuwa ƙarfe 3, ƙara kamar 2 su kai ka fitowar rana, sannan esi mai doki ɗaya, ko da irin mai tattalin wutar nan ce, za ta sha wajen 4 a cikin awa bakwai na daren Afrilu. Ka doshi yunit 11 ke nan, alhali rararka 8 ce ko 9, kuma wannan a rana mai kyau. Ran da ƙurar hunturu ta lulluɓe gilashin, ko hadarin Agusta ya wuni, abin zai fi haka raguwa. Kana buƙatar ƙarin fanel biyu aƙalla, uku ko huɗu su ne kwanciyar hankali. Kafin ka saya ka duba takardar da ke manne a jikin inbatarka, akwai iyakar bolt da take karɓa daga fanel. Wasu tsofaffi 145V ne, sababbi da yawa 450V ko 500V. Fanel mai wat 550 yakan ba da kusan bolt 50 in ba a jan komai daga gare shi, kuma da sanyin safiyar hunturu yakan ɗara haka, saboda haka a bar sarari.

Mutane kan ɗauka in batir bai cika ba iyakar hasarar ita ce wuta ta ƙare da wuri. A litiyom abin ya wuce nan. Cikin akwatin akwai ƙwayoyi a jere, da na'urar da ke kula da su, BMS. Ita ce ke daidaita ƙwayoyin don kada wata ta wuce 'yan uwanta, amma yawancinsu ba sa fara wannan aiki sai ƙwaya ta kai wajen bolt 3.4, wato dab da cika, kuma da ɗan mitsitsin ƙarfi suke yi, sau da yawa bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke gudana). Haka lambar kashi cikin ɗari da kake gani a fuskar batir, ƙirge ne na abin da ya shiga da abin da ya fita, kuskure yana taruwa a kai kullum, sai batir ya cika tam sannan ƙirgen ya koma daidai. Batirin da ya yi wata biyu yana yawo tsakanin 30 da 70 zai fara nuna 40% ya ɗauke wuta. Na sha ganin mai gida yana zagin batir cewa jabu ne, alhali yunwa ce ke damunsa.

To, zuwa batun 48. Irin litiyom ɗin da ake sa wa a gidaje shi ne LiFePO4, wasu su rubuta LFP. Kowace ƙwaya bolt 3.2 ce. Ƙwaya 16 a jere su ne 51.2V, irin naka. Ƙwaya 15 kuma 48.0V. Dukansu a kasuwa 48 ake ce musu, kuma dukansu suna aiki lafiya da inbatarka in kowanne shi kaɗai ne. Batiran Pylontech irin su US2000 da US3000, misali, masu ƙwaya 15 ne, kuma ba abin da ya same su. Haɗa jinsin biyu ne ɓarna. Ka sa cajin 56V, wanda ya yi wa mai 16 daidai domin kowace ƙwaya ta sami 3.5, a mai 15 kowace ƙwaya za ta doshi 3.73, ta wuce iyakar 3.65, BMS ɗinsa ya yanke. Ka sauko da cajin zuwa 53V don ka lallashe shi, sai ƙwayoyin mai 16 su tsaya a 3.31, ba zai taɓa cika ba. Da dare kuma mai 16 ne zai ɗauki kusan duk nauyin, sai ya kusa ƙarewa a wajen 49.6V sannan mai 15 ya fara aiki sosai, domin a wannan bolt ɗin shi cajinsa bai ma sauko zuwa rabi ba. Kullum ɗaya na shan wahala ɗaya na zaune a cike. Babu saitin da ke gyara wannan.

Saboda haka ka je shagon da kanka ka karanta jikin batirin. Ka nemi 51.2V, ka nemi LiFePO4. In an rubuta yawan yunit, 200Ah mai ƙwaya 16 zai nuna 10.24kWh, mai 15 kuma 9.6kWh. In ka ga 51.8V ko 48.1V, wannan wani litiyom ne dabam, irin na ƙwaya mai bolt 3.7, kada ya kusanci naka. Mafi tabbaci shi ne a kunna shi a gabanka a shiga shafin ƙwayoyi a fuskarsa ka ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Ina nanata wannan ne saboda yadda kasuwa ta koma. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, sannan hukumar kula da lantarki, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A, masu samun wuta mafi yawan awoyi, zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, sannan duhun da ya rufe jihohin Arewa kwana da kwanaki a Oktoban shekarar, kowa ya koma sola, kuma kowane irin batir ya shigo. Akwai na kamfani a kwali, akwai wanda aka harhaɗa a bayan shago aka manna masa suna, akwai tsofaffin da suka fito daga turakun sadarwa, waɗanda da yawansu masu ƙwaya 15 ne, wasu ma da makullin manhaja a ciki. Sikeli ma yana taimakawa. Ƙwayoyin batir mai yunit 10 su kaɗai sun kai kilo 60, in an haɗa da akwatin ƙarfe a doshi 80 ko 90. Wanda yaron shago ya sunkuta shi kaɗai ya ɗora a Keke Napep, ko me aka rubuta a jikinsa, ba 200Ah ba ne.

In akwai tsofaffin batiran ruwa a gidan, irin tubula ɗin nan, kada wani ya ce a ɗaura su su ma su taimaka. Cajinsu dabam, halinsu dabam. A sayar, ko a ba su tasu ƙaramar inbata.

Tsufan naka kuwa bai dame ni ba. Shekara biyu ana caji ana saukewa kullum zagaye 700 ne da 'yan kai, ga LFP wannan ba tsufa ba ne in zafi bai gasa shi ba. Maganar da ake yi cewa tsohon batir yana janyo sabo ƙasa gaskiya ce a haɗin jere, inda wuta ɗaya ke ratsa kowa, mai rauni ya tsayar da sauran. A haɗin gefe da gefe kowanne yana ba da gwargwadon abin da yake da shi. Abin da zan so a duba kawai shi ne ƙwayoyin tsohon lokacin da ya cika. In tazarar da ke tsakanin mafi sama da mafi ƙasa ba ta wuce 0.05V ba, lafiya lau. In ta kai 0.2V, a fara gyara wannan tukuna, domin ƙwayar da ke gudu gaba za ta riƙa sa BMS yana yankewa, kuma za ka ga abin da yankewar ɗaya ke jawo wa ɗayan.

Inda aiki ke lalacewa a gidaje da yawa shi ne waya. Turjiyar cikin batir irin naka, wato yadda yake tare wa wuta hanya, wadda ake aunawa da om, ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kashi goma sha wani abu ne cikin dubu na om ɗaya. Wayar jan ƙarfe mai kaurin 35mm² kuma tana da rabin kashi ɗaya cikin dubu a kowace mita. Ka ga ke nan in aka ajiye sabon batir can gefe, aka ƙara masa mita biyu a ja, mita biyu a baƙi, an ɗora masa kashi biyu cikin dubu, ban da na kawunan waya da kusoshi. A kan turjiyar da ba ta fi goma sha wani abu ba, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Wuta kuwa hanya mafi sauƙi take fi bi, sai na kusa da inbata ya riƙa ɗaukar fiye da rabonsa a caji da saukewa, ya fi zafi, ya riga tsufa. Abin da masu gaggawa ke yi ya fi wannan muni: su bar inbata a kan tsohon, su ja gajerun wayoyi daga kansa zuwa sabon. Duk wutar gidan sai ta ratsa kusoshin tsohon kafin ta wuce.

In batir biyu ne kacal, akwai dabara mai sauƙi. A haɗa su da wayoyi masu tsawo ɗaya, sannan a ɗauki jan da zai tafi inbata daga na farko, baƙin kuma daga na biyu. Amma tunda wanda ya ƙara na biyu yakan ƙara na uku, ni na fi son a sa basba tun yanzu, wato sandunan jan ƙarfe biyu masu kusoshi, ɗaya ta ja ɗaya ta baƙi, a cikin akwati mai murfi. Kowane batir ya zo da nasa wayoyin zuwa sandar, kauri ɗaya, tsawo ɗaya. In na kusa wayarsa ta yi rara a naɗe ta a ɗaure, kada a yanke don kyan gani. Daga sandar sai babbar waya ta tafi inbata. Inbata mai 5kVA in ta ɗauki cikakken nauyi tana jan amfiya 110 ko sama da haka daga batir, don haka 35mm² ga kowane batir, 50mm² zuwa inbata, kuma a gajarta tafiyar iya yiwuwa. A kula da wayar da ake sayarwa da araha wadda cikinta alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe. Kankare sili ɗaya da wuƙa, in fari ya bayyana ka mayar musu, turjiyarta ta fi ta gaske da fiye da rabi.

Kan waya a matse shi da injin matsewa na gaske, ba da guduma da filaya ba. Kada a sa wosha tsakanin kan wayar da kan batir, wosha a sama take zama, ƙarƙashin noti. Dalilin wannan tsanani lissafi ne. Mahaɗin da ya yi sako-sako har turjiyarsa ta kai kashi biyu cikin dubu, in amfiya 100 na ratsa shi, yana fitar da zafin wat 20 a wuri mai girman babban yatsa. Wannan ya isa ya narka roba a hankali. Mafi yawan ƙaurin da ake ji a ɗakin inbata daga nan yake, ba daga ƙwayoyin batir ba.

Kowane batir kuma da nasa fiyus, a kan jan waya, kusa da batirin. Za a ce maka ai BMS yana karewa. Yana karewa, har ranar da ya ƙone, kuma makunnan lantarkin da ke cikinsa in sun ƙone sau da yawa a haɗe suke mutuwa, ba a buɗe ba. In waya ta goge a jikin ƙarfe ko ɓera ya ci ta, ko wani abu ya haɗe a cikin batir ɗaya, ɗan'uwansa zai juye masa dubban amfiyoyi nan take. Ga batir mai BMS na amfiya 100, fiyus na 125 ya yi, irin Class T ko NH da aka rubuta masa DC, wato na wutar batir. Birekar gida ta wutar NEPA ba ta wannan aiki. Wutar NEPA tana komawa sifili sau 100 a kowace daƙiƙa, shi ya sa tartsatsin da ke tashi in an yanke ta yake mutuwa da kansa. Ta batir ba ta komawa sifili, tartsatsin sai ya ci gaba da ci a cikin birekar. Ko a birekokin DC ɗin ma akwai masu alamar + da − waɗanda ɓangare ɗaya kawai suke iya yankewa lafiya. Wutar batir tana shiga tana fita, don haka a nemi wadda ba ruwanta da ɓangare.

Sai abin da ya fi shafar tayin mai shagonka, wato bambancin kamfani. Batiran kamfani ɗaya suna magana da juna ta wata siririyar waya. Ana ba kowanne lamba da 'yan ƙananan makunnan da ke gabansa, ɗaya ya zama jagora, shi zai tattara bayanin kowa ya gaya wa inbata ta hanyar sadarwar da ake kira CAN ko RS485 cewa ga yawan cajin da muke da shi, ga amfiyar da za mu iya karɓa yanzu. In ɗaya ya fita daga layi, jagora ya sa inbata ta rage. Na kamfanoni biyu galibi ba sa jin yaren juna, inbata ɗaya kawai za ta ji. Ko wayar ma ba kowace ke yi ba duk da kanta irin na wayar intanet ne: Pylontech na sa CAN a ƙafa ta 4 da ta 5, Victron a ta 7 da ta 8. Kuma kamfanoni da yawa suna janye garanti in an gauraya nasu da na wani, ka tambaya a rubuce kafin ka biya.

Ana iya zama ba tare da wannan magana ba, gidaje da yawa haka suke. A cire wayar sadarwar, a sa inbata a saitin da mutum ke shigar da lambobi da kansa. Ga masu ƙwaya 16 ni nakan sa cikar caji 56.0V, na riƙo, wato bolt ɗin da ake barin batir a kai bayan ya cika, 54.0V, yankewa a 48V, a kashe cajin daidaitawa na batiran ruwa gaba ɗaya. In takardar ɗaya daga cikin batiran ta faɗi ƙasa da haka, a bi mafi ƙanƙanta. Don sanin abin da ya rage a duka biyun sai a sa ma'aunin da ake kira shant a kan babbar baƙar waya, irin SmartShunt na Victron ko makamancinsa. Amma ga tarkon. Mai haɗi zai ce tunda yanzu 300Ah ne bari a ɗaga caji zuwa amfiya 100. Ran da babban ya yanke saboda wata ƙwayarsa ta kai iyaka, duk ɗarin nan kan ƙaramin za ta sauka, ninki biyu na amfiya 50 da aka saba ba mai 100Ah. Shi ma ya yanke, inbata ta rasa inda za ta zuba, bolt ya yi tsalle, ta fara kuka. Haka a saukewa: ɗaya ya ƙare gabanin asuba, ɗayan ya ɗauki komai, injin firiza ya tashi, shi ma ya faɗi. Ƙa'idata in babu sadarwa ita ce a sa cajin da mafi ƙanƙanta zai iya ɗauka shi kaɗai, 50 zuwa 60 a naka. Wannan wajen kilowat 3 ne, kuma da wuya fanel ɗinka su ba da fiye da haka bayan gida ya ɗebi nasa. Ka kuma tambayi ƙarfin BMS na babban, domin akwai 200Ah da aka sa wa na amfiya 100 kacal.

Da za ka sami irin naka sak, kamfani ɗaya, samfuri ɗaya, shi zan zaɓar maka ko da 100Ah ne, ka sa ragowar kuɗin a fanel da basba da fiyus. Yunit 10 zai yi maka ɗan matsi da esi, sai dai a sa ta a 26 ko 27 da fanka, a kashe ta kafin asuba, daga baya a ƙara na uku a kan sandar da ke jira. In babu irin naka, mai 200Ah ɗin zai yi, muddin ya ci jarrabawar ƙwaya 16 da ta sikeli.

Ranar haɗi kada a yi gaggawa. Sabon batir yakan zo da caji ƙasa da rabi ko wajen rabi, yana nuna 52 da ɗoriya. Naka in yanzu ya sauka daga caji yana iya nuna 55. Tazarar bolt 3 a kan turjiyar da duka-duka ba ta wuce kashi 30 cikin dubu ba, amfiya 100 ke nan za ta kwarara daga wannan zuwa wancan da zarar an taɓa. In ɗaya a cike yake ɗaya ya ƙare, ninka wannan. Auna bolt kaɗai ma yana ruɗi, domin LFP yana daɗewa a kusan bolt ɗaya, mai 30% da mai 80% tazararsu ba ta cika kai bolt 1 ba. Hanyar da ta fi ita ce a cika kowanne shi kaɗai da inbatar nan da saitin nan, yau wannan gobe wancan, a bar su su huta wasu awoyi, sannan a auna. In tazarar ba ta wuce 0.3V ba a haɗa. A yi ɗaurin duka batiran na kashe, a tabbatar da ja da baƙi da mita, ba da launin waya ba. A cire zobe da agogo, a naɗe sifana da tef. Bolt 50 ba ya cika jan mutum, amma yana narka sifana a hannu. Wajen kunnawa, kafasitocin cikin inbata, wato 'yan ƙananan ma'ajiyar wutar da ke cikinta, sukan zuƙi wuta da ƙarfi a karon farko har BMS ya ɗauka shot ne, wato ja da baƙi sun haɗe, ya yanke. Batira da yawa suna da tsarin shigar da wuta a hankali in ta maɓallinsu aka kunna, don haka a kunna bireka tukuna sannan a danna maɓallin. In babu, mai haɗi ya san a fara ratsawa ta rizista, abin da ke rage gudun wuta, na 'yan daƙiƙu.

Kada ka sallami mai haɗin sai ya kunna kaya masu nauyi ya maƙala mitar amfiya ta DC a wayar kowane batir kana gani. In gida na jan 60, ana sa ran ƙaramin ya ba da wajen 20, babban wajen 40. Ba zai zauna daram a haka ba, rabon yakan sauya a tsawon dare, kuma fuskokinsu na iya saɓawa da kashi 10 ko 15 a tsakiya su haɗu a sama. Har in an kashe kaya za ka ga 'yar wuta na gudana tsakaninsu na ɗan lokaci. Duk wannan ba komai. Abin damuwa shi ne ɗaya na ba da 55 ɗaya 5, ko wani kan waya ya fi 'yan uwansa ɗumi bayan rabin awa. Bayan mako biyu ya dawo ya sake ɗaure kusoshin.

Wurin ajiya ma a sake tunani. Zagaye 6,000 da ake bugawa a kwali a zafin digiri 25 aka auna shi, Katsina kuwa a Afrilu da Mayu tana haura 40 a inuwa, gareji mai rufin kwano ya fi haka nesa. Zafi yana tsufar da litiyom ko ana aiki da shi ko ba a yi, ya fi yi kuma in batirin na zaune a cike, shi ya sa ban ɗaga bolt ɗin riƙo ba. A nemi ɗaki na ciki mai iska, ba bangon da ranar yamma ke duka ba, ba kusa da janareta ko tukunyar gas ba, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsu. Su biyun su zauna wuri ɗaya, kada ɗaya na sanyi ɗaya na zafi, don mai ɗumi turjiyarsa takan ragu ya ƙara jan aiki. Mai kilo 90 kuma ban yarda a rataye shi a bulo inci 6 mai rami ba, a yi masa dakali ko teburin ƙarfe da zai ɗaga shi daga ruwan da ke shigowa da damina.

Ka turo mini hoton takardar da ke jikin batirinka, da ta wanda ake son sayar maka, da ta gefen inbata, ka haɗa da lokacin da ka ga yana cika a kwanakin nan. Da su zan iya faɗa maka yawan fanel ɗin da inbatar za ta ɗauka da yadda za a jera su.